Yadda Aikin Kare Muhalli Ke Samun Amincewa da Kuɗi Daga Asusun Duniya

Duk bayan babban taron sauyin yanayi, kafafen labarai kan cika da zancen biliyoyin daloli da aka yi alkawari, sai ka ji shugabannin ƙungiyoyi suna tambayar juna ta ina ake shiga. Na daɗe ina taya ƙananan ƙungiyoyi rubuta takardun neman tallafi, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne in ga mutanen da suka san ƙasarsu ciki da bai, da aiki na gaske a hannunsu, sun kwashe wata uku suna rubutu, sannan sun aika takardar inda ba a karɓarta. Kuɗin akwai su. Sai dai suna da hanyar da suke bi, hanyar kuma ta ratsa ta ofishin gwamnatin ƙasarku kafin ta kai Washinton ko Koriya. Zan bi hanyar nan da ku daki-daki, na fi ba da ƙarfi kan asusun kare muhalli na duniya da ake kira GEF domin shi ne ya fi daɗewa.

Mataki na farko: ku san asusun da ya dace da ku

An kafa GEF a 1991, hedikwatarsa na Washinton, Bankin Duniya ne ma'ajin kuɗinsa, ƙasashe sama da 180 ne mambobinsa. Ƙasashe masu hali kan zuba masa kuɗi duk shekara huɗu. A zango na takwas, daga Yulin 2022 zuwa Yunin 2026, an tara dala biliyan 5.33. Fannoninsa biyar ne: kare halittu iri-iri, sauyin yanayi, lalacewar ƙasa da kwararowar hamada, ruwayen da ƙasashe suka yi tarayya a kansu, sai sinadarai masu guba da shara.

Na biyu shi ne GCF, asusun sauyin yanayi da aka amince a kafa a taron Kankun na ƙasar Meziko a 2010, yana da mazauni a Songdo ta Koriya ta Kudu. Shi sauyin yanayi kaɗai ya sa a gaba, ayyukansa kuma manya ne ƙwarai. Aikin da bai wuce dala miliyan 10 ba shi ne mafi ƙanƙanta a ma'auninsa. Akwai kuma asusun LDCF da GEF ke riƙe wa ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba. Nijar da Chadi da Sudan suna cikin wannan rukuni, Najeriya da Ghana da Kamaru ba sa ciki, saboda haka ƙungiyar da ke Kano ba ta da abin nema a can.

In ƙungiyarku ta gari ce ko ta ƙaramar hukuma, ƙofarku ita ce shirin ƙananan tallafi na GEF, wanda aka fi sani da SGP. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ce ta fara tafiyar da shi tun 1992, ya shigo Najeriya a 2009, an kuma daɗe da saninsa da tallafin da bai wuce dala 50,000 ba. Abin da ya sa nake son wannan shirin shi ne a cikin ƙasa ake yanke hukunci. Akwai jami'i mai kula da shi na ƙasa, akwai kwamitin ƙasa da yawancin membobinsa ba ma'aikatan gwamnati ba ne, su ke karanta takardu su zaɓa. Kuna buƙatar rajista, a Najeriya da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, da asusun banki mai sunan ƙungiya, da shaidar cewa kun taɓa yin wani abu ko da ƙarami ne. Ƙungiyoyi da yawa da suka zo suna da hannu a manyan ayyuka daga nan suka fara.

Mataki na biyu: ku amsa tambayar da ke kayar da yawancin masu nema

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne aka fi faɗuwa. GEF ba ya biyan kuɗin ci gaban da kowace gwamnati ya kamata ta yi wa jama'arta. Abin da yake biya shi ne ƙarin kuɗin da zai mayar da aikin cikin gida ya amfani duniya baki ɗaya. Tambayarsu ke nan kullum: in ba mu ba da kuɗin nan ba, me zai faru, in mun ba da kuma, me duniya za ta ƙaru da shi?

Misali, garinku ba ruwan sha, kuna son rijiyar burtsatse. Buƙata ce ta gaske, amma aikin ma'aikatar ruwa ne, GEF zai ce ba huruminsa ba ne. To, ku ɗauki dausayin Haɗeja zuwa Nguru. Masunta da manoman fadama da makiyaya suna rayuwa da shi, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwansa, kuma tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna sauka a cikinsa duk lokacin sanyi, shi ya sa aka sanya wani sashensa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Wanda ya rubuta cewa zai buɗe hanyar ruwa don masunta su samu kifi ya faɗi rabin magana. Wanda ya nuna cewa buɗe hanyar zai dawo da hekta kaza na dausayi, mazaunin tsuntsayen da suka ratso nahiyoyi, ya kuma dawo wa masunta da abincinsu, shi ne ya yi magana da yaren da asusun ke ji. Aikin ɗaya ne, mutanen da za su amfana su ne dai, bambancin yana wajen sanin abin da mai ba da kuɗi yake saye.

Haka abin yake a GCF, sai dai su hujjar sauyin yanayi suke nema. Ba ya isa ku ce damina ta lalace. Sai kun kawo alƙaluman ruwan sama da na zafi na shekaru masu yawa daga hukumar hasashen yanayi, kun nuna cewa matsalar daga sauyin yanayi take, ba daga sakaci kawai ba. Dattijon da ya ce a da ana shuka gero kafin watan kaza, yanzu sai an yi jira, gaskiya ya faɗa, ku rubuta maganarsa. Amma ku ɗora ta a kan alƙaluma.

Sannan ku nemi takardun da ƙasarku ta riga ta miƙa wa duniya: alkawarinta na rage hayaƙi mai ɗumama duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Faris ta 2015, da tsarinta na kare halittu, da na yaƙi da hamada. Ku nemo sakin layin da aikinku ya faɗa ciki, ku ambace shi da shafinsa. Aikin da bai da gurbi a cikin waɗannan takardu, ko ya kai zuma daɗi, ba zai wuce mataki na gaba ba.

Mataki na uku: ofishin tuntuɓa na ƙasa

Kowace ƙasa tana da jami'in da GEF ya sani, wanda sai da sa hannunsa takarda ke motsi. A Najeriya yana Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a Abuja. Ga GCF kuwa, Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi, wadda dokar sauyin yanayi ta 2021 ta kafa, ita ke ba da takardar da ke cewa gwamnati ba ta da ja. A Nijar hukumar CNEDD da ke Yamai ce cibiyar harkokin sauyin yanayi.

Me ya sa sa hannun nan yake da nauyi haka? Saboda a farkon kowane zango GEF kan yanka wa kowace ƙasa kasonta a fannoni uku, wato halittu da sauyin yanayi da lalacewar ƙasa, bisa wani lissafi da ake kira STAR. Kason na ƙasa ne, jami'in nan ne ke cewa a ɗebi kaza a ba wa aiki kaza. Yawanci a shekarar farko ake zaman tattaunawa a tsara inda kuɗin za su tafi. Wanda ya zo a shekara ta uku zai tarar an kwashe tuwo, sai ƙanzo. Don haka ku riƙa bibiyar kalandar zango, ku kai ziyara da wuri, ku tafi da takarda mai shafi biyu ko uku, ba littafi ba: mene ne matsalar, a ina, su wa ta shafa, me za a yi, nawa ake hasashe. Ku kuma ratsa ta ma'aikatar muhalli ta jiharku, domin takardar da ta zo da goyon bayan jiha ta fi samun kunne.

Mataki na huɗu: ku samu hukumar da za ta ɗauki aikin

Ko gwamnati ba ta karɓar kuɗin GEF kai-tsaye. Hukumomi 18 ne aka tantance, ta hannunsu kuɗi ke bi: UNDP, da UNEP mai kula da muhalli, da Bankin Duniya, da FAO ta abinci da noma, da asusun raya noma na IFAD, da Bankin Raya Afirka, da bankin BOAD na yammacin Afirka, da ƙungiyoyin kare halittu irin su IUCN, da sauransu. Su ke ɗaukar alhakin kuɗin, ana kuma biyansu ladan kula da aiki, kashi 9.5 cikin ɗari a ayyukan da ba su wuce dala miliyan 10 ba. A ƙarƙashinsu ne ma'aikata ko ƙungiya ke zama mai aiwatarwa a fili. Kowace hukuma da inda ta fi ƙwarewa: aikin noma da kiwo ya fi zama a hannun FAO ko IFAD, aikin masana'antu a hannun UNIDO, hukumar raya masana'antu ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

GCF ya buɗe ƙofa ga hukumomin cikin gida su nemi tantancewa su karɓi kuɗi ba tare da ɗan tsakiya ba, kuma Bankin Raya Ƙasa na Najeriya, DBN, ya samu wannan shaida a 2024. Tantancewar kan ci shekaru, ana bin diddigin littattafan kuɗi da tsarin sayen kaya da na hana almundahana. Ƙaramar ƙungiya kada ta ɓata lokacinta a nan. Ta nemi zama abokiyar aiki ga wanda ya riga ya samu.

A wannan gaɓar ne 'yan damfara suke kafa tarko. In wani ya ce ku biya kuɗin fom, ko kuɗin rajista, ko ya ce yana da ɗan'uwa a ciki da zai tura muku takarda gaba, ku kama gabanku. Babu ɗaya daga cikin asusun nan da ke sayar da fom.

Mataki na biyar: takardar farko da zaman majalisa

Hukumar da ta ɗauki aikin ce za ta cike takardar gabatarwa da ake kira PIF, ta haɗa da wasiƙar jami'in ƙasa, ta miƙa wa sakatariyar GEF. Sakatariya za ta dawo da tambayoyi, a amsa, ta sake dawowa da wasu. Wannan kai-komo al'ada ce, ba alamar an ƙi ba ce. Kwamitin masana kimiyya na asusun, STAP, shi ma zai duba ko hujjojin sun tsaya da ƙafarsu. In an gamsu, sai a sanya aikin cikin jerin da za a kai gaban majalisar asusun mai kujeru 32, wadda ke zama sau biyu a shekara, yawanci a Yuni da Disamba. Matsakaitan ayyuka ba sa jiran majalisa, shugaban asusun na iya amincewa da su. Da can iyakarsu dala miliyan 2 ce, a 2024 aka ɗaga zuwa miliyan 5.

A cikin takardar nan ne maganar gudummawa ke tasowa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. GEF na burin ganin kowace dala ɗaya tasa ta jawo bakwai daga wasu wurare, in an haɗa ayyukansa gaba ɗaya. Ba lallai kowane aiki ya kai haka ba, amma dole a nuna wani abu: kasafin jiha, rancen banki, jarin kamfani, ko gudummawar da ba ta tsabar kuɗi ba, kamar ofis da mota da albashin ma'aikata da ƙwadagon jama'a. Aikin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa a Najeriya misali ne: rancen dala miliyan 500 na Bankin Duniya a 2012 shi ne gangar jiki, tallafin GEF ɗan ƙari ne a kansa. Shawarata ita ce kada ku kumbura adadi don a yaba. Za a nemi wasiƙa daga duk wanda kuka ambata, a ƙarshen aiki kuma za a tambaya nawa ya shigo da gaske.

Mataki na shida: shirya cikakken aiki

Amincewar majalisa tana nufin an keɓe muku kuɗi, ba a sake su ba tukuna. Yanzu za a ba da ɗan tallafin shiri, daga dala 50,000 zuwa 300,000 gwargwadon girman aiki, don a yi bincike a rubuta cikakken kundi. Agogo kuma ya fara bugawa: babban aiki yana da wata 18 ya samu sa hannun ƙarshe na shugaban asusun, in ya wuce ana iya soke shi. GCF shi ma yana da irin wannan tallafin shiri, har dala miliyan 1.5.

A wannan lokacin ake auna yadda abubuwa suke kafin a fara, hekta nawa suka lalace, itatuwa nawa a kowace hekta, gidaje nawa ke girki da itace, domin da wannan ma'auni za a gane ko an yi aiki. Ake kuma tantance haɗarin aikin ga jama'a da muhalli, a sanya shi a rukunin A in haɗarin babba ne, kamar dam ko tayar da mutane daga matsuguninsu, B in matsakaici ne, C in kaɗan ne. Dokar ƙasa ma tana nan: a Najeriya dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin manyan ayyuka.

Mutane kan ɗauki tuntuɓar jama'a a matsayin cika sharaɗi, a tara mutane a ɗauki hoto a sa hannu a takardar halarta. Ni na ga abin da ya sa na daina ganinsa haka. Wata rana muna zaune a gindin wata tsamiya a ƙofar gidan dagaci, an shimfiɗa taswira a kan tabarma, an ɗora duwatsu a kusurwoyinta saboda iska. Filin da aka zaɓa don dashen itatuwa kowa ya ce ba na kowa ba ne. Har an kusa tashi, sai wani ardo da ya yi shiru tun safe ya miƙa sandarsa ya ja layi a ƙasa gefen tabarmar, ya ce, "Ranka ya daɗe, nan burtalinmu ne, ta nan shanu ke sauka mashaya." A taswirar babu burtali. Da an kafa shingen waya a wurin, da damina ɗaya ta isa a sare shi, ƙila har a zubar da jini. Da yamma kuma, da abokiyar aikinmu ta shiga cikin gida ta zauna da mata su kaɗai, suka ce itacen da aka zaɓa ba ya ba su komai, su bagaruwa da magarya da zogale suke so. An sauya fili, an sauya iri. Shi ya sa asusun nan suke dagewa sai an nuna an ji ta bakin mata da makiyaya da matasa daban-daban, sai an rubuta tsarin yadda mata za su amfana, sai kuma an kafa hanyar kai ƙorafi da talaka zai iya bi ba tare da tsoro ba.

Ku kuma dubi abin da jama'a suka riga suka iya. A jihohin Maraɗi da Damagaram manoma sun raya itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 ta hanyar barin kututturen gawo da sauran itatuwa su tofo a cikin gona, suna yi musu sassabe da kulawa. Aikin da ya ginu a kan irin wannan sani ya fi arha, ya fi daɗewa, masu duba takardu kuma sun san da haka.

A GCF cikakken kundin sai ya bi ta sakatariya, sannan wani kwamitin ƙwararru mai zaman kansa ya auna shi da ma'auni shida: girman tasirinsa, ko zai sauya yadda ake yin abu gaba ɗaya, amfaninsa ga ci gaba mai ɗorewa, buƙatar ƙasar, ko ƙasar ta rungume shi a matsayin nata, da ko kuɗin sun yi daidai da sakamako. Daga nan sai hukumar gudanarwa mai mutum 24, rabi daga ƙasashe masu arziki rabi daga masu tasowa, ta yanke hukunci. Ayyuka marasa haɗari da ba su nemi fiye da dala miliyan 25 ba suna da gajeriyar hanya.

Mataki na bakwai: daga sa hannu zuwa kuɗi a asusu

Bayan amincewa sai yarjejeniya tsakanin asusun da hukuma, da tsakanin hukuma da gwamnati ko ƙungiya. Kusan kullum akwai sharuɗɗan da za a cika kafin kashin farko ya fito: buɗe asusun banki na aikin shi kaɗai, ɗaukar manaja da akanta ta hanyar talla, kafa kwamitin sa ido. Daga ranar da aka fara zancen babban aiki zuwa ranar da kuɗi suka sauka, shekara biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Ku faɗa wa jama'arku haka tun ranar farko, kada su zaci an karɓa an cinye. Ku kuma yi lissafi da damina: in kuɗin dashe suka iso a watan Oktoba, gara a jira baɗi da a dasa a busasshiyar ƙasa don cika rahoto.

Kuɗin kashi-kashi suke zuwa, kowane kashi sai an ba da bayanin na baya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A manyan ayyukan GEF kuɗin tafiyar da ofis ba ya wuce kashi 5 cikin ɗari, ba a kuma ɗauko kuɗin wani layi na kasafi a kai wani ba tare da izini a rubuce ba. Duk shekara akwai rahoto da binciken odita, a tsakiyar aiki masu duba na waje za su zo, a ƙarshe wasu su sake zuwa, kuma fili suke zuwa, su ƙirga itacen da ya rayu, ba wanda aka dasa ba.

Wata shida kafin rufewa ku zauna da dagaci da ƙaramar hukuma da kwamitin gari, a rubuta wanda zai ci gaba da biyan mai gadi, wanda zai gyara famfon sola in ya lalace, da wanda zai riƙe makullin wurin rainon itatuwa. Kuɗin da suka rage a mayar da su. Rasit da takardun sayen kaya kuma a ɗaure su a fayil a ajiye inda gara da ɗigon ruwa ba za su kai ba, domin ana iya dawowa a neme su shekaru bayan an rufe aikin, kuma su ne farkon abin da za a tambaya ranar da kuka koma neman tallafi na biyu.